Kura da Shan Bugu: Tarken Littafin Hotunan Gardawa na Pieter Hugo a Ma'aunin Fiƙihu da Dokar Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala tarke ce ga littafin hotuna mai suna The Hyena and Other Men na Pieter Hugo, wanda aka buga a shekarar 2007 a kan gardawa masu wasa da kura a Nijeriya. Maƙalar ta yaba wa littafin bisa wanke gardawa da ya yi daga ƙazafin jaridu, amma ta ƙi amincewa da matsayin mawallafin cewa tambaya game da wahalar dabbobin tambaya ce ta Turawa wadda ta kauce wa ainihin magana. An nuna cewa fiƙihun Malikiyya ya tattauna kama dabbar dawa domin kallo da neman abinci, kuma babin hisba ya fayyace wanda ke da ikon tsaya wa dabba, matsalar da ta daɗe tana wahalar da ƙungiyoyin kare dabbobi a kotunan Yamma. Daga ƙarshe an duba abin da wannan ke nufi ga ƙasar Rano da Kibiya.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore wa ɗan Adam dabbobi kuma ya ɗora masa amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Wanda ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya, kamar sauran ƙasar Hausa, ya san yadda kasuwa ke rikicewa idan aka ji ganga da ƙarar akayau aka ce ga masu kura nan. Yara su kan watsar da talla su bi ayari, manya su yi da'ira. A tsakiya ga kura da takunkumi a baki da sarƙa mai kauri a wuya, ga gwaggon biri sanye da riga, ga mesa a kafaɗar wani saurayi. Idan taro ya cika sai a baje layu da ƙulle-ƙullen magani. Waɗannan su ne gardawan kura, kuma sunan kawai suka haɗa da gardawan tsangaya masu haddar Alƙur'ani.

Bahaushe ya kalli wannan wasa ya bar masa karin magana: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana yin ta ga duk wanda ya sha wahala wani ya kwashe riba. Sai dai kafin ta zama misali ga mutane, shaida ce ta abin da ido ya gani a fagen wasa, kuma tana nuna cewa mai kallo ya san wanda ake zalunta. Da wannan karin magana a zuciya ya kamata a karanta littafin da ya kai wannan sana'a idon duniya.

2.0 Littafin da Abin da ya Ƙunsa

Pieter Hugo mai ɗaukar hoto ne ɗan Afirka ta Kudu, an haife shi a 1976. Abin da ya ja hankalinsa wani hoto ne da aka ɗauka da wayar hannu a Legas, na wasu mutane suna jan kura a titi, wanda jarida ta buga da bayanin cewa 'yan fashi ne ko masu karɓar bashi da ƙarfi. Da taimakon ɗan jarida Adetokunbo Abiola ya iske wani ayari a wajen garin Abuja a 2005: 'yan uwa ne, tare da wata ƙaramar yarinya, da kuraye uku, da birai huɗu, da 'yan mesa. Ya yi kwana takwas tare da su, ya sake dawowa a 2007. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci lambar farko a rukunin hotunan mutane a gasar World Press Photo, sannan kamfanin Prestel ya buga littafin tare da bayanin da Abiola ya rubuta.

An ɗauki hotunan a wurare irin su Abuja da Legas da Ogere-Remo da Asaba. Hugo ya guje wa lokacin wasa da cincirindon 'yan kallo. Ya kan tsayar da mutum ɗaya da dabba ɗaya a ƙarƙashin gada, ko gefen titi, ko fili mai ƙura, cikin launi disashe. A ƙarƙashin yawancin hotunan akwai sunan mutumin da sunan dabbar, kamar kurayen da ake kira Mainasara da Jamis.

A gabatarwarsa Hugo ya faɗi abubuwa uku da wannan tarke ya rataya a kansu. Na ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi sun tuntuɓe shi suna son sa baki, amma gardawan suna da takardun izini daga hukuma. Na biyu, idan ya tambayi 'yan Nijeriya yadda suke ji game da halin da dabbobin ke ciki, tambayar kan ɗaure musu kai, sai su koma maganar neman abinci. Na uku, Turawa ba abin da suke tambaya sai lafiyar dabbobin, alhali a ganinsa abin tambaya shi ne dalilin da ya sa mutum sai ya kama dabbar dawa kafin ya ci abinci a ƙasa mai arzikin man fetur.

3.0 Abin da Littafin ya Dace da Shi

Adalci ne a fara da abin yabo. Littafin ya rushe ƙaryar da aka yaɗa cewa gardawa 'yan fashi ne, ya nuna su masu sana'ar gado ne da iyali da suna. Wannan ya yi daidai da umarnin aya ta 6 a Suratul Hujurat na tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Haka kuma Hugo ya yi gaskiya da ya ƙi raba sana'ar da talauci. Mai kiran a hana wasan kura ba tare da ya tambayi abin da gidan gardi zai ci ba, ya ɗauki rabin magana ya bar rabi.

Hotunan kansu sun fi gabatarwar gaskiya. Domin an cire ganga da ihun yara, sai ido ya sauka a kan abin da hayaniya ke ɓoyewa: nauyin sarƙa, da takunkumin igiya da ya ɗaure baki, da gorar da ba ta barin hannun gardi. Mai kallo ba ya buƙatar a gaya masa cewa wannan zama ba na yarda ba ne. Akwai kuma hoton yarinyar nan ƙarama tare da kura, wanda ke tuna wa mai karatu cewa hatsarin bai tsaya a kan dabba kaɗai ba.

Naƙasun hotunan shi ne sun fara daga tsakiyar labari. Ba a ga kogon da aka fito da kurar ba, ba a ga makonnin horo ba, ba a ga yadda ake loda ta a mota daga gari zuwa gari ba, ba a ga ƙarshenta idan ta tsufa ko ta yi rauni ba. Kura mai dabbare-dabbare dabba ce mai zaman dangi, wanda mata ke jagoranta, kuma ta kan ci dogon zango da dare wajen farauta. Hoton da ya nuna ta ita kaɗai a gefen ubangidanta, da sunan da aka laƙaba mata kamar na ɗan gida, yana iya sa mai kallo ya ɗauki fursuna a matsayin abokiyar tafiya. Wanda yake son ganin zumunci na gaskiya tsakanin mutum da kura sai ya dubi Harar, tsohon birnin Musulmi a Habasha, inda kuraye ke zuwa bayan ganuwa da dare a ba su nama su koma daji, babu sarƙa babu takunkumi.

4.0 Tambayar ba Baƙuwa ba ce

Babban kuskuren littafin yana cikin hukuncin da mawallafin ya yanke daga 'yan amsoshin da ya ji. Baƙo ya yi tambaya da Turanci, cikin sigar da ba a saba da ita ba, mutane suka yi shiru, sai ya ɗauka al'ummar ba ta da abin cewa. Da ya zauna a zauren kowane malami a Rano ya tambayi labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da ƙaramin ɗalibi ya ba shi amsa.

Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana dabbobin ƙasa da tsuntsaye a matsayin al'ummu irin na mutane. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bn Umar (R.A.) labarin matar da aka azabtar domin ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito yadda shi Ibn Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su cewa Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai yin haka. Abu Dawud ya kawo labarin raƙumin wani mutumin Ansar da ya zubar da hawaye a gaban Annabi (S.A.W.), aka tsawata wa mai shi bisa barin sa da yunwa da gajiyar da shi. Ya kuma kawo labarin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya, aka yi umarni a mayar mata. Wannan na ƙarshe ya shafi dabbar dawa wadda ba mallakar kowa ba ce, kuma cutarwar da aka hana a cikinsa ba duka ba ce, raba uwa da 'ya'yanta ne.

Malaman fiƙihu ba su bar waɗannan a matsayin wa'azi kawai ba. Izzuddin bn Abdissalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira (1262), ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a cikin Ƙawa'idul Ahkam: a ciyar da su irin abincin da ya dace da jinsinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwo har ba su da amfani, kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba, kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, a kyautata makwancinsu, a haɗa mazansu da matansu a lokacin barbara. An rubuta wannan sama da shekara 550 kafin Majalisar Ingila ta yi dokarta ta 1822 ta hana zaluntar dabbobin gida. Idan aka auna kurar kasuwa da wannan jeri, da wuya a sami sharaɗi ɗaya da ya cika.

Saboda haka raba tambayoyi biyu da Hugo ya yi, a ba Turawa ta dabba a bar wa 'yan ƙasa ta talauci, rabo ne da bai yi wa kowa adalci ba. Ya mayar da tausayin dabba kayan alatu na masu ƙoshi, ya kuma cire Bahaushe Musulmi daga cikin masu nauyin amsawa, kamar talauci ya ɗauke masa taklifi. Wannan rangwame ne mai kama da raini.

5.0 Hukuncin Kama Dabbar Dawa Domin Kallo

Mai kare gardawa yana da hujjojin da ya kamata a saurara. Zai ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta horar da dabbobi da tsuntsayen farauta. Zai kawo hadisin Anas bn Malik (R.A.) game da ƙanensa Abu Umair da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda malamai da yawa suka kafa hujja da shi a kan halaccin ajiye tsuntsu idan ana ciyar da shi. Zai ƙara da cewa kura abin farauta ce a hadisin Jabir (R.A.), har Shafi'iyya da Hanbaliyya suka halatta cin ta, Malikiyya suka karhanta, Hanafiyya suka haramta. Zai rufe da cewa sana'ar gado ce, kuma al'ada tana da matsayi a shari'a.

Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan. Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa farauta domin wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya haramta farautar dabbar da ake ci idan ba da niyyar yanka ba, masu sharhi kuma suka haɗa da niyyar yanka duk wata manufa da shari'a ta yarda da ita, kamar horar da tantabara ta kai saƙo. Wasu daga cikin masu sharhi da hashiya sun ambaci mas'alar da ta yi daidai da wadda ake magana a kai, wato kama biri ko dabbar da Larabawa ke kira dubbu domin a yi kallo a kuma ci abinci da shi. Sun hana, sun hana kallon ma, kuma dalilin da suka bayar shi ne ana iya neman abinci ta wata hanya. A wajen Hanbaliyya, Ibn Ƙudama ya kawo a Mugni cewa Imam Ahmad ya ƙi sayar da biri, Ibn Aƙil kuma ya fassara hakan da sayarwa domin yawo da wasa, ban da biri mai gadin kaya.

A nan za a ga cewa malamai sun san hujjar talauci, sun kuma auna ta. Ba su ce yunwar mai biri ba ta da muhimmanci ba. Cewa suka yi lalura ba ta tabbata matuƙar akwai wata ƙofa. Hadisin Abu Umair kuwa bai kai ga wannan ba, domin tsuntsu a hannun yaro ba ya buƙatar gora kafin ya zauna, kura kuwa ba ta rawa sai da tsoro. Halaccin ci ga waɗanda suka halatta ma ba ya haifar da halaccin azabtarwa, tun da hadisin Shaddad bn Aus (R.A.) a Sahihu Muslim ya wajabta kyautatawa har a lokacin yanka. Ita kuma al'ada ana aiki da ita ne inda ba ta ci karo da nassi ba.

Akwai fuska ta biyu da littafin ya ambata bai zurfafa ba. Wasan talla ne: kura shaida ce da ake nuna wa jama'a cewa layar mai ita tana ci. Mai sayen maganin yana biyan kuɗi bisa zaton asiri ne ya kwantar da dabbar, alhali sarƙa da takunkumi da dogon horo suna gabansa. Wannan ya haɗa cutar da dabba da garari a ciniki da kuma hatsari ga aƙida, abubuwa uku da kowane ɗayansu ya isa malami ya yi magana.

6.0 Wa ke da Ikon Tsaya wa Dabba?

Hugo ya rufe maganar ƙungiyoyi da cewa gardawa na da izini. Amma izinin mallaka daban, izinin azabtarwa daban, kuma babu hukumar da ke ba da na biyun. Tambayar da ta rage ita ce: idan dabba ba ta iya kai ƙara, wa zai kai mata, kuma da wane iko?

Ƙasashen da suka yi fama da kamfanonin nishaɗi masu yawo da giwaye da zakuna cikin tanti sun ba da amsoshi mabambanta. A Amurka, a shekarar 2000, ƙungiyoyi da suka haɗa da ASPCA sun kai kamfanin Ringling Bros. kotu bisa yadda yake horar da giwaye. A Disambar 2009 alƙali Emmet Sullivan ya kori ƙarar ba tare da ya yanke hukunci a kan halin giwayen ba, domin masu ƙarar ba su da hurumin shigar da ita, kuma ya gano cewa tsohon ma'aikacin kamfanin da aka jingina ƙarar da shi ana biyan sa kuɗi. Ƙarshenta ASPCA ta biya kamfanin dala miliyan 9.3 a 2012, wasu ƙungiyoyin suka biya dala miliyan 15.75 a 2014. Abin da kotu ba ta yi ba, ƙyamar jama'a da dokokin birane suka yi: kamfanin ya daina wasa da giwaye a 2016, ya rufe a 2017.

A Ingila ƙungiyar RSPCA, wadda aka kafa a 1824, ta daɗe tana gurfanar da masu laifi da kanta bisa damar da doka ta ba kowane ɗan ƙasa, amma jami'anta ba su da ikon kutsawa gidan mutum sai da 'yan sanda da takardar kotu. A 2016 wani kwamitin majalisa ya ba da shawarar ta janye daga gurfanarwa, saboda haɗuwar fafutuka da bincike da tuhuma a hannu ɗaya. Hana wasa da dabbobin dawa a irin waɗannan tantuna bai samu a Ingila ba sai da dokar majalisa ta 2019, shekara goma bayan Boliviya ta yi nata hanin a 2009. A Afirka ta Kudu kuwa, ƙasar Hugo, Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar wa ƙungiyar NSPCA ikon gurfanarwa a Disambar 2016, kuma asalin shari'ar yankan raƙuma biyu ne na ibada a Lenasia a 2010. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa Musulmi cewa idan suka bar wannan fage, wasu za su fassara musu ma'anar kyautata yanka.

Wannan matsala ta hurumi ba sabuwa ba ce a fiƙihu. Zahirin mazhabar Hanafiyya shi ne ana umartar mai dabba ya ciyar da ita tsakaninsa da Allah, amma alƙali ba ya tilasta shi, domin hukunci yana buƙatar mai ƙara, dabba kuwa ba ta husuma. Abu Yusuf ya saɓa, ya ce a tilasta. A Malikiyya ma an sami saɓanin: Ibn Rushd kaka ya tafi a kan umarni ba tare da hukunci ba, Ibn Abdil Barr ya tafi a kan tilastawa, Khalil kuma ya bayyana cewa wanda ya ƙi ciyar da dabbarsa ko ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta za a sayar da ita.

Babin hisba ne ya cike giɓin. Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira (1058), ya bayyana a Ahkamus Sulɗaniyya cewa muhtasibi zai hana masu dabbobi sa su aikin da ba za su jure ba ko da babu wanda ya kawo ƙara, kuma idan mai dabbar ya yi gardama muhtasibi zai duba da kansa, domin abu ne da ake ganewa ta al'ada. Shaizari a Nihayatur Rutba ya sa muhtasibi ya umarci masu kawo itace kasuwa su sauke kaya daga bayan dabbobi idan sun tsaya. Haka kuma Mawardi ya kawo bambance-bambance tara tsakanin muhtasibi da mai sa-kai. Daga ciki: aikin farilla ne a kan muhtasibi saboda muƙaminsa, yana binciken munanan abubuwa na bayyane, yana ɗaukar mataimaka, yana yin ta'aziri, ana biyan sa daga baitulmali. Mai sa-kai ba shi da waɗannan, nasa shi ne nasiha da hani da baki da kai rahoto.

Wannan tsari ya kauce wa ramuka biyu. Dabba ba ta rasa mai tsaya mata don ba ta da baki, kamar yadda ya faru ga giwayen Amurka. Ƙungiya kuma ba ta zama mai ƙara da ɗan sanda da mai gabatar da tuhuma a lokaci guda, abin da aka soki RSPCA da shi. Ƙungiyar kare dabbobi, ta gida ko ta waje, a ma'aunin fiƙihu mai sa-kai ce: tana da lada da murya, ba ta da bulala.

7.0 Abin da ke Hannun Rano da Kibiya

Hisba ba baƙuwa ba ce a nan. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki, ya kuma keɓe littafi ga hisba mai suna Liya'u Ahlil Ihtisab. A yau Jihar Kano tana da Hukumar Hisba bisa dokar 2003, da rassa a ƙananan hukumomi 44, cikinsu har da Rano da Kibiya. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda aka sani da Final Kod kuma ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci a sashe na 207 ga mai dukan zalunci ko azabtar da dabbar gida ko dabbar dawa da aka tsare, da mai shirya faɗan zakaru ko raguna. Sashe na 208 ya shafi ɗora wa dabba kaya fiye da kima da sakaci da ita. Akwai kuma Dokar Dabbobin Dawa ta Arewa ta 1963, da dokar tarayya ta 1985 kan nau'o'in da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ikon ƙarshe kan tuhuma yana hannun Antoni Janar na jiha bisa sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999. Ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba, aiki da ita ne ya yi.

Hanyar da ta dace da ruhin hisba ita ce bin matakai. Na farko ilmantarwa: limaman Juma'a da malaman zaure su karantar da babin ciyar da dabba da babin farauta tare da misalan kasuwa, domin ɗan kallo mai jefa kuɗi shi ne ke riƙe da sana'ar. Na biyu toshe mafari: Masarautar Rano, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da hakimai da dagatai da shugabannin maharba da za su iya hana sabon kamu, tare da ma'aikatan gandun daji irin na Falgore. Na uku kare yara daga shiga fagen wasa, wanda ba ya jiran komai. Na huɗu tanadin mafita: illar da malamai suka kafa hani a kanta ita ce samuwar wata sana'a, don haka wajibi ne a samar da ita a aikace, ta hanyar zakka da waƙafi da jari. Ilimin gardawa na halayen dabbobi yana da amfani a gandun daji da gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano. Ƙwace kuwa shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai an san inda za a kai dabbar, domin kurar da ta shekara da shekaru a sarƙa ba a kwance ta a bakin ƙauye.

Kada kuma kura ta ɗauke hankali daga abin da ya fi yawa. Jakin da aka danƙara wa yashi yana ɗingishi, da kajin da aka rataye kai ƙasa a bayan babur, da shanun da aka cusa a tirela zuwa Kudu ba ruwa, duk suna ƙarƙashin hukuncin da Mawardi da Shaizari suka ambata. Hisbar da ta kama gardi ta bar waɗannan ta zaɓi mai rauni ne kawai.

8.0 Kammalawa

Littafin Pieter Hugo ya cancanci a duba shi, domin ya mayar wa gardawa mutuncinsu, hotunansa kuma sun adana shaidar da ba ta buƙatar tafinta. Inda ya kasa shi ne zaton cewa dole a zaɓi ɗaya tsakanin yunwar mutum da azabar dabba, da kuma cewa ta biyun damuwar baƙi ce. Fiƙihun da ake karantawa a Rano ya riƙe duka biyun: ya hana kama dabba domin kallo, ya rataya hanin a kan samuwar wata hanyar abinci, ya ɗora aiwatarwa a kan hukuma ba tare da jiran mai ƙara ba, ya bar wa masu sa-kai nasiha da shaida. Abin da ya rage ga malamai da ɗalibai shi ne su fitar da waɗannan babuka daga zaure zuwa kasuwa, ta yadda idan wani baƙo ya sake yin tambayar zai tarar da amsa a bakin jama'a da kuma a aikin hukuma. Allah shi ne mafi sani.